Ragon Tanko da Akuyar Maƙwabta

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.
Ta zo mu saurara.

Tanko yana kiwon rago, kullum dusa da harawa, har kaska yake cire masa. Akuyar maƙwabta kuwa ba ta samun komai sai duka. Tana leƙensa ta danga, hassada na cin ta.

Rannan ta ce, "Rago, daina taƙama, yanka ka za a yi."

Rago ya ce, "Na sani. Ke barin ki za a yi?"

Da ranar ta zo, Tanko ya shayar da ragonsa, ya lallashe shi, ya ɓoye wuƙar har ƙarshe. Akuya kuwa jan ta aka yi a ƙasa zuwa mayanka, tana cewa, "Har a nan ma ya fi ni."

Ƙurunƙus kan kusu, tawa ta ƙare.