Wa Ke Kashe Kwamfutar Haidar?

Akwai wani saurayi a Gadarif mai suna Haidar, ma'aikaci a ofishin wata ƙungiyar manoman riɗi. Allah ya ba shi kai a harkar kwamfuta, kuma shi ma ya san an ba shi. A nan matsalarsa take.

Shi ya rubuta wata 'yar manhaja da ke ɗauko hasashen ruwan sama daga intanet kowace hantsi, ta bi lambobin manoma ɗaya bayan ɗaya tana tura musu saƙo. Duk wanda ya taɓa noman riɗi ya san amfanin wannan. In ka yanke shi ka jingine ya bushe, ruwan ƙarshen damina ya sauka a kansa, to wahalar shekara ta tafi a banza.

Ana nan sai shugaban ƙungiyar, Baba Cindo, ya kawo wani mutum mai suna Faisal, wanda yaƙi ya koro daga Madani da iyalinsa. Ya ba shi aikin kula da ofis, ya kuma ba shi ɗaki a bayan ginin.

Faisal ba mai yawan magana ba ne. Amma ran da ya fara aiki ya leƙa allon kwamfutar, ya ce, "Masha Allah, aikin ya yi kwayyis, ya yi kyau sosai. Ni ma irinsa nake yi a Madani."

Haidar ya yi murmushi, amma tun daga ranar zuciyarsa ta ƙi kwanciya da mutumin.

Kun san al'adarmu ta fatur. Hantsi na yi aiki ya tsaya, babba da yaro a fito gindin bishiya a kewaye tire ɗaya na wake da burodi. Faisal kaɗai ne ba ya fitowa. In an kira shi sai ya ce, "Ku ci, na gode," ya ci gaba da zama a ofis.

To, a daidai wannan lokacin ne manhajar ta fara tsayawa. Haidar ya dawo daga fatur ya tarar da kwamfutar tana neman lambar sirri kamar yanzu aka kunna ta, saƙonni sun tsaya a rabi. Ya faru sau ɗaya, ya sake faruwa. Wani manomi daga wajen Hawata ya zo har ofis ransa a ɓace, ruwa ya dakar masa riɗi, maƙwabcinsa ya sami saƙo shi bai samu ba.

Daga nan Haidar ya sa wa Faisal ido. In ya ga yana goge tebur kusa da kwamfutar, ya ce a ransa leƙen asiri ne. In ya ga yana hira da Baba Cindo, ya ce kujerarsa ake shirya wa. Har gaisuwar mutumin ta zame masa abin tuhuma.

Sai ya ɗana tarko. Ya san cewa in wuta ce ta ɗauke, kwamfuta faɗuwa kawai take yi ba sallama. Amma in umarni aka ba ta, takan sanar da duk manhajojin da ke aiki su tattara kafin ta rufe. Ya ƙara 'yan layuka a manhajarsa, yadda da zarar ta ji wannan sanarwa za ta turo saƙo wayarsa.

Yana cikin rubutun ya lura da abu ɗaya. Sanarwar tana bambanta fitar mutum daga shafinsa da rufe na'ura, amma kashewa da sake kunnawa suna ɗaya take ba su. Kuma ba ta faɗin wanda ya ba da umarnin. Gano wannan sai an ƙara aiki. Haidar ya ga ba ya buƙata, tunda ya riga ya san mai laifinsa.

Ba a daɗe ba, suna tsakiyar fatur, wayarsa ta yi ƙara: "An kashe."

Ya miƙe da lomar a hannunsa. A ranar tiren kewaye yake da manoman da suka zo taro. Ya ɗaga wayar sama ya ce, "Baba Cindo, ga hujja. Ba wuta ba ce, hannu ne. Wa ke cikin ofis yanzu?"

Aka kira Faisal ya fito.

"Ya zol, kai bawan Allah, me na yi maka?" in ji Haidar. "In aikina kake so, ka nema da baki. Amma ka bar riɗin bayin Allah."

Faisal ya ce, "Wallahi ban taɓa ta ba. Ita take rufe kanta ta sake tashi. Na ɗauka kai ka tsara ta haka."

Wasu suka yi dariya. Baba Cindo ya dube shi ya ce, "Ɗana, to me ke hana ka fitowa cin abinci da mutane?"

Faisal ya sunkuyar da kai. "Baba, wannan tsakanina da Ubangijina ne."

Amsar nan ita ta ƙarasa shi. Baba Cindo bai kore shi da baki ba, amma Faisal ya ga yadda idanu suka canza. Washegari ya kwashe iyalinsa ya bar ɗakin.

Haidar ya sami kwanciyar hankali na 'yan kwanaki. Yakan kulle ofis da kansa kafin ya fita fatur. Rannan yana zaune, makulli na aljihunsa, wayar ta sake yin ƙara: "An kashe."

Ya ruga ya buɗe ƙofa. Ba kowa a ciki. Kwamfutar na tashi da kanta, allon na cewa tana sabunta tsarinta, kada a kashe.

Sai yanzu ya tuna watannin da aka yi ba intanet a ƙasar. Tun da aka haɗa musu na tauraron ɗan'adam, na'urar ke jawo gyare-gyaren da suka taru mata kaɗan-kaɗan. Takan jira lokacin da ba mai taɓa ta sannan ta sake kunna kanta, kuma ba lokacin da ake barin ta kamar lokacin fatur.

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya yi ta tambaya har aka ce masa Faisal na wata gona wajen Hawata, yana yankan riɗi da 'yan ƙwadago. Ya same shi cikin rana, leɓɓansa sun bushe.

"Ɗan'uwa, na zalunce ka. Ka yafe mini, ka dawo."

Ya miƙa masa gorar ruwa. Faisal ya girgiza kai, ya ce azumi yake yi. Ƙaninsa ya ɓace ran da suka fito daga Madani, shi kuma ya yi alwashin azumi har Allah ya sa ya ji labarinsa.

"Ma'alesh, ba komai, na yafe," in ji shi. "Ofis dai ba zan koma ba. Abu ɗaya nake roƙo: inda ka faɗi waccan maganar, ka je ka faɗi wannan."

Haidar ya koma ya faɗa, a tsaye, a gaban tiren fatur. Sai dai girbi ya riga ya kankama, manoman da suka ji zargin duk sun watse gonakinsu. Baba Cindo ne kawai da wasu tsofaffi biyu suka ji. Har yau in an ambaci Faisal a ƙauyukan nan, akwai masu cewa, "Wane? Wanda ya riƙa kashe mana saƙon ruwa?"

Darasi: In ka riga ka yanke wa mutum hukunci a zuciyarka, rabin hujja ma cikakkiya za ka gan ta. Ka ƙarasa bincike, ka tambayi ɗan'uwanka a keɓe kafin ka kira sunansa a cikin jama'a, domin waɗanda suka ji zargi ba duka ne za su ji gyara ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ke shirin buɗe baki a kan wani yau.