Ruwan da Ya Ƙi Rabuwa

Akwai wani mutum, malamin kimiyya a wata makarantar ƙauye, ana ce da shi Malam Filibus. Yana da ilimi, ya kuma san yana da shi. A makarantar akwai wata dattijuwa, Malama Damaris, wadda take koyar da yara da gwangwani da ruwan rijiya da gishirin miya. Sau da yawa yakan yi mata ba'a a gaban sauran malamai, yana cewa, "Mama, wannan ai girki ne, ba kimiyya ba."

Ranar taron iyaye ta zo. Malam Filibus ya yi alkawari zai nuna musu yadda wutar lantarki take raba ruwa ya zama iska. Ya kawo ruwa tatacce daga birni, wanda ba ko ɗigon wani abu a cikinsa. Ya ɗaga kwalbar ya ce, "Ruwa ba ya rabuwa don kansa, sai ƙarfi ya shige shi daga waje. Ku duba!"

Ya haɗa waya biyu da batir, ya ɗaura su a bakin fensir biyu, ya zuba ruwan a kofin gilashi, ya tsoma fensiran a ciki. Shiru. Ya sake batir. Shiru. Iyaye suka fara duban juna, wani ya yi tari, gumi ya jiƙa wa Malam Filibus riga.

Sai Malama Damaris ta taso kamar za ta gyara masa tebur. Ta sunkuya, ta barbaɗa gishiri a kofin, ta ce a hankali, "Ɗana, batirinka lafiya lau. Ruwan ne ba shi da abin da zai ɗauki wutar."

Nan take kumfa ta fara tasowa daga bakin fensiran. Iyaye suka yi ta tafi suna kiran sunansa, ita kuwa ta koma ta zauna. Kowane tafi sai ya ji shi kamar mari. Ya kasa ɗaga kai.

Da aka watse, ya same ta a bayan aji, ya durƙusa ya ce, "Mama, na rena ki, ke kuwa kin rufa mini asiri."

Ta ce, "Tashi, kada yara su gan ka. Gobe ka faɗa musu abin da ya faru."

Washegari kuwa ya faɗa wa yaran.

Ma'anar wannan misali ita ce: batirin shi ne ikon Allah, ba ya kasawa. Tataccen ruwan shi ne mai taƙama da tsabtar kansa, wanda ba ya cuɗanya da kowa. Gishirin kuwa tawali'u ne da ƙauna. 'Yan'uwa, mutum yana iya zama ba sata, ba maye, ba fashin sujada, amma ikon Allah bai taɓa ratsa shi ya kai ga maƙwabcinsa ba. In akwai wanda ka rena, kada ka jira sai ya rufa maka asiri a bainar jama'a. Je ka same shi yau.