Ɗan Hurera da Rufaffen Daji

Ku matso nan cikin hantsi, jikokina, sanyin bana ba ya jin magana. Mai waya ya kife ta. Labari zan ba ku, amma ba na kyauta ba ne, don in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni ba ruwana.

Akwai wani ƙauye da ake kira Unguwar Marke. Hanya ɗaya ce tak take kai mutanensa asibitin cikin gari da wuri, ita ce wadda ta ratsa tsakiyar Dajin Gwaska, sa'a guda a mota. To amma kowace shekara, da an gama girbi, ciyawa ta bushe, sanyi ya sauko, sai ma'aikatan gandun daji su gitta sarƙa a bakin hanyar su danna mata kwaɗo. Ba a buɗewa sai ruwan farko ya sauka. Su dalilinsu gobara ne, sun ce tartsatsi ɗaya daga salansar mota ya isa ya cinye dajin. Tsofaffin ƙauyen kuwa cewa suke gwamnati daga baya ta zo. Tun ba a san sarƙa ba kakanninsu ke ƙulle ciyawa a bakin hanyar nan su bar ta, domin watannin sanyi na masu dajin ne. Ƙa'idarsu biyu ce. Ba a shiga. In kuma kana wucewa ta gefe ka ji an kira sunanka daga ciki, ba a amsawa. Mai son zuwa gari a watannin nan sai ya zagaya ta kwalta, tafiyar wuni cur.

A ƙauyen akwai wata yarinya mai suna Hurera, ta zo gidan iyayenta goyon cikin fari, mijinta Mamuda ya tafi ci-rani. Ubansu ya rasu shekara biyu ke nan, sai uwarsu Inna Dudu da yayyenta maza uku. Haladu shi ne babba, lebura ne, yana cikin waɗanda suka kafa turakun siminti na iyakar dajin. Badamasi ne ke bi masa, direba, yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, ga shi da saurin fushi. Sai Ɗayyabu, mai ɗiban zuma, wanda in ya yi magana goma a wuni to an yi baƙi.

Hurera ta kwana biyu tana naƙuda. Ran na uku da safe ungozoma ta wanke hannu, ta ce ɗan a gicciye yake, wannan ya fi ƙarfinta, in ba a kai ta asibiti kafin la'asar ba to a fara neman likkafani biyu. Haka ta faɗa, ba ta ɓoye ba, kuma ta yi daidai. Aka shimfiɗa katifa a bayan mota, aka kwantar da Hurera, Inna Dudu ta ɗora kanta a cinya. Suka nufi bakin daji da niyyar su roƙi mai gadi.

Da suka isa, bukkar mai gadi ba kowa. Sarƙar kuwa tana yashe a ƙasa, kwaɗon a buɗe. Hanya ta miƙe fes, babu ko ganye ɗaya a kanta, kamar tsakar gidan da aka share ana jiran baƙo. Ko tsuntsu ba ka ji. Badamasi ya ce alhamdu lillahi, ya sa giya. Sai Haladu ya diro ya tsaya a gaban motar.

Ya ce, "Wa ya buɗe?"

Badamasi ya ce, "Yaya, matsa ko in bi ta kanka. Tambayar sarƙa muka zo yi?"

Inna Dudu ta ɗago daga baya ta ce, "Haladu, in yarinyar nan ta mutu a cinyata saboda taurin kanka, ranar da na mutu kada ka zo kan gawata."

Ku kun san nauyin wannan magana a bakin uwa? Ba ku sani ba tukuna. Haladu ya ji ta har ƙashinsa, hawaye na zuba, amma bai matsa ba. Ya ce, "Na ji, Inna. Amma doka ciki ta rufe, ba ta rufe waje ba. A bayan turaku akwai burtalin shanu, ya zagaye dajin har ya faɗa kwalta. Turaku arba'in da ɗaya ne. In muka bar su a hannun hagu, ba mu taka dokar gwamnati ba, ba mu taka ta kakanni ba."

To ga aikin Haladu. Burtalin nan shanu ba su bi shi ba tun damina, gamba ta rufe shi ta fi tsawon mutum. Shi ya shiga gaba a ƙasa, yana gudu yana ratsa ciyawa da ƙirji, yana lalubo turaku ɗaya bayan ɗaya, mota na biye da sawun da yake buɗewa. Takalminsa ya tsinke a turke na tara, ya ci gaba ba takalmi, ƙaya da tsidau na yanka masa ƙafa. A turke na ashirin da uku sai hanya ta yi kyau kwatsam, ta karkata hagu, sumul, ga turke a gefenta fari tas. Badamasi har ya karya kan mota. Haladu ya durƙusa ya shafa kan turken. Abin da ba kowa ya sani ba, lokacin da suke zuba simintin nan, Haladu kan danna babban yatsansa a kan kowane turke kafin ya bushe, don wasa kawai. Yatsan nasa kuwa a tsage yake, lauje ya raba shi tun yana yaro. Wannan turken ma da sawun yatsa a kansa, daidai inda Haladu ke sa nasa. Amma yatsan lafiyayye ne, dogo, ba tsaga. Kuma simintin da ɗumi, cikin sanyin nan. Haladu ya ja da baya, ya yi ta rarrafe a ciyawa ta hannun dama har ya samo na gaskiya a kwance ƙarƙashin gamba, da tsagaggen yatsa a kansa. Suka bi ta nan.

Ga kuma aikin Badamasi. Tun da ya ga ciyawar nan ya san inda mutuwa take. Ya jiƙa buhu ya ɗaure a bakin salansa, kuma ko sau ɗaya bai danna hon ba, don ba a yi wa rufaffen daji ihu. Duk da haka, wajen turke na talatin sai ya ji ƙauri. Busasshiyar ciyawa ta nannaɗe a ƙarƙashin mota, ta kama, wuta na lasar wajen tankin mai, ga Hurera kwance a samansa, ga gamba ta kewaye su gabas da yamma. Ruwan da ya rage na shan mai naƙuda ne. Badamasi ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, ya dinga fizgo ciyawar nan mai ci da hannunsa tsirara yana murtsuke ta a ƙasa, har ya kashe ta tas, ko tartsatsi bai tsira ba. Da ya fito, fatar tafin hannunsa ta saɓule. Ya sa aka yaga rigarsa aka naɗe masa, ya koma kan sitiyari. A gaba ga busasshen rafi mai zurfin yashi, irin wanda ke haɗiye mota har ciki. Da waɗannan hannuwa ya rage iskar tayoyi, ya nuna inda za a shimfiɗa zanan da suka rufa wa Hurera inuwa, ya ratsa yashin a hankali, ba tsayawa, yana juya sitiyari da wuyan hannu. In da ya tsaya sau ɗaya, da nan za su wuni. Babu wani a cikinsu da ya iya tuƙi sai shi.

Sai aikin Ɗayyabu, kuma nasa gajere ne. Rana ta take tsaka, inuwar kowa ta koma ƙarƙashin ƙafarsa, sun kai turke na talatin da takwas, har suna jiyo ƙugin manyan motoci a kwalta. Sai injin ya mutu. Badamasi ya duba, mai na nan, batir na nan, ba abin da ya lalace. Ƙugin kwalta ma ya ɗauke. Daga cikin dajin, ta hannun hagu, sai suka ji an yi tari. Dukansu sun san tarin nan, shekara talatin suna jin sa da asuba a ƙofar ɗaki. Muryar ubansu ta ce, "Hurera." Ta sake cewa, a tausashe, yadda yake kiranta tana ƙarama, "Hure."

Hurera da tun safe ba ta san inda take ba, sai ta buɗe ido ta yi murmushi, ta buɗe baki. Inna Dudu ta toshe bakin da tafin hannu. Kiran bai tsaya ba. Kowane kira ya fi na baya kusa, ciyawa na kwantawa tana tahowa, ba a ga mai takawa ba. Haladu na karanta duk addu'ar da ya sani, Badamasi na murza makulli, mota ta ƙi. Ɗayyabu ya daɗe yana rataya amyarsa ta zuma a gefen dajin nan, ya zauna da tsofaffin maharba, ya ji a bakinsu cewa mai kiran nan in ya fito ba ya komawa hannu wofi. Sai ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya je ya tsaya daf da turken, ta waje, bai tsallaka ba.

Ya ce, "Baba, ba ta da lafiya. Ga ni."

Sai muryar ta ce, "Ɗayyabu."

Ya ce, "Na'am."

Ciyawa ta miƙe. Wata kurciya ta yi kuka. Badamasi ya murza makulli, mota ta tashi kamar ba ita ba. Ɗayyabu ya sa takalminsa ya hau, ba abin da ya same shi da ido zai gani.

Sun shiga asibiti ana kiran la'asar. Aka yi wa Hurera aiki, aka ciro ɗa namiji, uwa da ɗa duk da rai. Malamar asibiti ta ce da sun ƙara rabin sa'a, da labarin ya sha bamban.

Washegari Haladu ya je wajen mai gadin daji. Mutumin ya rantse ya ce jiya wuni ya yi a bukkarsa, ko bayan gida bai zagaya ba, sarƙa na ɗaure, makulli na aljihunsa, kuma bai ga wata mota ba. Ya ƙara da cewa ai ko an buɗe ba ta biyuwa, ruwan ƙarshen damina ya yanke hanyar cikin a bayan lanƙwasa ta biyu, rami ne mai zurfin gaba uku, ba ka ganinsa sai ka zo kansa.

Kowa ya dawo da nasa. Inna Dudu ta yafe wa Haladu, ta ce bakinta ne ya riga hankalinta, amma ya ce har yau in ya rufe ido maganar nan yake ji. Hannun Badamasi ya warke a ƙanƙame, yatsun ba sa dunƙulewa, tuƙi ya ƙare masa, motar ma wani ke ja. Ɗayyabu kuwa lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha yana harkarsa. Sai dai in ka ce "Ɗayyabu", ba ya waiwayowa. Ba kurumta ba ce, faɗuwar allura yana ji. Ka tsaya a gabansa ka faɗi sunan, sai ya dube ka yana jiran ka yi magana. Sunan ne kawai ba ya isa kunnensa. Sai a taɓa kafaɗarsa, ko a ce "kai mai zuma".

Ran kwana shida Mamuda ya iso daga ci-rani. Ya ji labari duka, ya zauna ya yi kuka kamar yaro, ba abin kunya ba ne. Ya ce ba shi da abin da zai saka wa surukansa da shi, amma yana da ɗa, kuma ɗan zai ci sunan wanda ya ceci ransa. Nan gida ya rabu. Gwaggo ɗaya ta ce Haladu, don ba don shi ba da duk suna ƙasan rami, ko wani wurin da ya fi rami. Wata ta ce sanin hanya ba ya tuƙa mota, kuma Haladu da yatsunsa goma ya dawo, a sa Badamasi. Aka ce mata ai Badamasin ne ya so ya afka da su ta kan sarƙa. Wani kawu ya ce wanda ya ba da sunansa shi ya kamata a mayar wa da suna, a sa Ɗayyabu, ko banza a sake jin ana amsa shi a gidan. Sai Inna Dudu ta ce, "Sunan nan yana hannun masu daji. In sanyi ya dawo suka kira shi, wa zai amsa?"

Gari ya waye, ran suna. Rago na ɗaure, an raba goro, wanzami na wasa aska, liman ya miƙo kunne wajen Mamuda yana jira. Ɗa ɗaya ne, suna ɗaya ake raɗa masa.

To, jikokina, na kawo ku inda zan tsaya. Kada wanda ya ce mini a haɗa masa duka uku, wannan wayon ragwaye ne. Da wanda ya ɗauki fushin uwarsa ya samo halastacciyar hanya, da wanda ya ba da hannuwansa, da wanda ya amsa kiran da ba nasa ba, sunan wa Mamuda zai raɗa wa liman?