Abin Hannun Inna Azumi

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan. Wannan labarin sai da kunne biyu, domin in na gama ku ne alƙalai.

A Funtuwa an yi wani maɗinkin hula, Malam Tanimu, da matarsa Inna Azumi. Sai da furfura ta cika mata kai sannan ta shiga makarantar matan aure, ta fara daga baƙi da wasali, jikokinta na yi mata dariya tana rama musu da daƙuwa. Malam ne mai yi mata bita bayan asuba, da Alƙur'aninsa rubutun hannu wanda ya ba ta kyauta har da gafakarsa. Saura izu biyu ta sauke, Allah ya karɓi ransa. Inna ta shiga takaba, ta rataye gafakar a bango, abinci ma sai an yi da gaske take kai loma baki. Idan aka yi mata zancen karatu sai ta ce, "Wa zai saurare ni?" 'Ya'yanta uku suka ga uwarsu tana tafiya a tsaye, hankalinsu ya tashi.

Autansu Mansir shi ne mai kai Malam asibiti a Kano. Wata rana suna dawowa, tsohon ya sa aka tsaya wajen 'yan gwal, ya daɗe yana kallon wani abin hannu na daiman, wato lu'ulu'u, ya ce, "Ranar saukar uwarku zan ɗaura mata irin wannan da hannuna. Kada ka faɗa wa kowa." Mansir ya riƙe maganar, tana cin sa a rai, don bai taɓa saɓa wa ubansa ba ko da wasa. Da ya ga Inna na ƙarewa, ya tara yayyensa ya faɗa musu yana kuka, yana roƙon Allah ya sa Baba ya yafe masa. Da ya yi shiru, da alkawarin ya bi Malam kabari.

Babbansu Shu'aibu malamin firamare ne, yana zaune gidan haya da iyalinsa. Abin da ya mallaka a duniya fili ne guda a bayan gari, har ya zuba yashi ya fara buga bulo. Bai yi shawara da kowa ba sai matarsa, ya sayar da filin. Aka ce masa ai akwai na gilashi mai ƙyalli, tsohuwa ba za ta gane ba. Ya ce, "Baba daiman ya ce. Ba zan cika masa alkawari da jabu ba." Ba don shi ba, da abin ya tsaya a fatar baki.

Ta tsakiyarsu Ladidi ita ta bi su Kano, kuma Allah ya sa ta bi. Mazan nan biyu suna shiga shago suka nuna wani ƙaton awarwaro mai kauri, su a ganinsu nauyi shi ne daraja. Ladidi ta ce su mayar. Ita ce mai shafa wa Inna man kaɗanya kullum, ta san wuyan hannunta ya taɓa karyewa a bakin rijiya, ƙashin ya ɗoru da tudu, awarwaro ba ya shiga sai da hawaye. Tun a gida ta auna wurin da zaren ɗinkin Malam, tana yi kamar tausa take yi. Ta sa mai shago ya fito da kaya har ya fara tsaki, sannan ta zaɓi mai laushi kamar sarƙa, ƙananan duwatsu a jere layi ɗaya, da maɓallin da yatsun tsohuwa za su iya buɗewa. Shu'aibu ya so a kai mata a ranar, Ladidi ta ce, "Yaya, mai takaba da ado? Ai sai ta fita." Da ba ta je ba, da an sayo abin da zai kwana a akwati.

Ranar fita takaba suka durƙusa gabanta. Mansir ya maimaita maganar uban kamar yadda ya ji ta, Shu'aibu ya buɗe ɗan akwatin, Ladidi ta gwada mata. Ya kwanta a kan tudun ƙashin nan kamar don shi aka ƙera. Inna ta yi kuka mai yawa, sannan ta cire ta miƙa musu.

"Ranar sauka ya ce. Ku ajiye, ku sauko mini da gafakata."

Ta koma karatu, ta koma cin tuwo, ta sauke. Ranar walima aka ɗaura mata abin hannunta, ni kaina ina wurin, kuma ban ɓoye hawayena ba. Da taro ya watse ta kira su ukun, ta ɗora gafakar a cinyarta, ta ce wannan Alƙur'anin na ubansu ne, za ta ba wanda ya fi tsaya masa a kan alkawarinsa. Ta dubi wanda ya buɗe baki, ta dubi wanda ya rasa filinsa, ta dubi wadda ta san hannunta, amma ta kasa miƙa wa kowa.

Alƙur'ani dai ba a raba shi uku. To, in ku ne Inna Azumi, a hannun wa za ku sa shi?