Bargon Inna Na-Sani

Akwai wata mata mai saƙar kayan jarirai, ana ce mata Inna Na-Sani. Hannunta da kyau, zuciyarta ma ba laifi. Aibinta ɗaya ne: kafin ka rufe baki ta ce, "Na sani." Ko likita ya fara bayani, sai ta gyara mayafi ta ce ita ta goyi yara tun bai san hanyar makaranta ba.

Da Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta samu ciki, Inna ta saƙa wa jaririn bargo mai kauri, shuɗi da fari. Naƙuda ta zo da gardama, har sai da aka yi wa Auta aiki. Mijinta direban babbar mota ne, yana can kan hanya, wayarsa ba ta shiga. Inna kaɗai ke zaune a bencin asibiti.

Yaro ya fito bai yi kuka ba, jikinsa sharaf. Da ƙyar aka samu ya ja numfashi.

Wata likita ta zo ta durƙusa gabanta. "Inna, ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska lokacin haihuwa. Muna so mu kwantar da shi kan wata katifa mai sanyi na 'yan kwanaki, don ɓarnar ta ragu. Amma sai an fara yanzu. In aka jinkirta, ba ya amfani. Uwarsa ba ta farfaɗo ba, ke za ki ba mu izini."

"Sanyi?" in ji Inna. "Ɗanyen jariri? 'Yar nan, kin taɓa haihuwa?"

"Ban taɓa ba, Inna, amma ki bari in..."

"Na sani. Gwaji za ku yi da jikana. Ba da ni ba."

Likita ta roƙa, ta koma ta dawo, ta sake roƙo. Inna ta miƙa bargonta ta ce a lulluɓe mata angonta da kyau. Sai washegari uban ya iso, ƙura har gashin ido, yana cewa a yi duk abin da ya dace. Likita ta sunkuyar da kai. Lokaci ya wuce.

Yaron ya rayu. Sa'o'insa suka zauna, suka yi rarrafe, suka shiga makaranta, shi ko wuyansa bai tsaya ba. Auta ba ta taɓa yi wa uwarta maganar abin da ya faru ba. Sai dai ta daina tambayarta komai, ko yawan gishirin miya. Da ta tashi haihuwa ta biyu, maƙwabciya ta raka ta asibiti. Aka bar Inna a gida da yaron, tana ba shi abinci da ƙaramin cokali, tana share masa yawu.

"Angona," takan ce, "kai kaɗai ba ka gaji da surutuna ba."

Masu bincike kan irin larurarsa suka nemi a riƙa kawo shi suna dubawa. Inna ce ke goya shi, ƙafafunsa na dukan cinyarta. Rannan ta haɗu da likitar nan a baranda. Inna ta yi mata tambayar da ta daɗe tana ci mata rai.

"Likita, da na yarda, da yanzu yana tafiya?"

"Ban sani ba, Inna. Wasu yana taimakonsu sosai, wasu kaɗan. Shi ya sa har yau muke bincike."

Inna ta tsaya tana kallonta. Mace da duk karatunta, ta faɗi haka ko kunya babu. Ta koma gida, ta ciro bargon daga ƙasan akwati, ta ɗora a cinya. Har yamma ba wanda ya leƙo.

'Yan'uwana iyaye, ni ma uwa ce. In jariri ya fito bai yi kuka ba, lokaci ba ya jiran kowa. Ƙauna ba ta isa ba in kunne a toshe yake. Abin da ba mu gane ba, mu tambaya, mu bari a gama mana bayani, kuma mu ba masu bincike haɗin kai. "Ban sani ba" ba ta da nauyi a baki kamar yadda "da na sani" ke da shi a zuciya.