Ranar da Aka Ƙone Gidan Iya Tekla

Akwai wani jami'in jam'iyyar kwaminis mai suna Ignat, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye mana Belarus. Yana cikin mayaƙan sari-ka-noƙe na daji. Kwamandansu ya turo shi ƙauyenmu ya auna ko mutane na tare da jam'iyya.

Ya iske wata tsohuwa, Tekla, tana tonon dankali.

"Iya, ke 'yar jam'iyya ce?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Jam'iyyar da ta rufe mana coci, ta tafi da mijina? Ɗan nan, matsa, kana taka min kunyar dankali."

Ignat ya koma daji a fusace, ya ce wa kwamanda, "Babu namu a garin nan. Da gishiri kaɗan Jamusawa za su saye su."

Da lokacin sanyi ya shigo, Jamusawa suka harbi Ignat a cinya kusa da ƙauyen. Tekla ce ta tsince shi cikin ƙanƙara a ƙofar gidanta. Maƙwabta suka kama mata, aka saka shi a ramin ajiyar dankali bayan coci. Kowa ya san inda yake.

Washegari Jamusawa suka tara gari kaf a fili. Tafintansu ya ce, "Sawun jini ya tsaya a ƙofar tsohuwar nan. Ku fito da shi, ko gidanta ya ci wuta."

Ba wanda ya nuna ramin. Har wani da Ignat ya taɓa zagi a bainar jama'a bai motsa ba.

Aka cinna wa gidan wuta. Tekla na tsaye tana kallon ɗakin da ta haifi 'ya'yanta yana ruftawa, ba ta ko waiwayi coci ba.

Bayan sun tafi, ta sauka ramin da dafaffen dankalin da maƙwabciya ta ba ta. Ignat yana kuka kamar yaro.

"Iya, me ya sa? Kin tsani jam'iyyarmu."

"Har gobe ma," in ji ta. "Amma kai ma wata ce ta yi naƙudarka. Buɗe baki ka ci."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci don bai shiga ƙungiyarka ba. Wanda ya ƙi tutarka yana iya rasa rufin kansa don ka rayu. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu zafin siyasa.