Azumin Jaki a Kan Wata

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafa a kumbure!

Ta zo ta zauna mu ji ta!

Wata shekara kasuwa ta mutu, Jaki ya gaji da dakon kanwa. Sai ga Kurege ɗan kasuwa da zaƙin bakinsa: "Baba Jaki, ka ga farin nan na jikin Wata? Kanwa ce zalla, ba mai ita. Mu koma can da zama!"

Zakara, ladanin gari, ya gyara murya: "Ƙwarai. Can sama addu'a ba ta da nisan tafiya."

Jaki ya ce, "Ni tambayata ɗaya. Ana ɗaukar kaya a can?"

Suka ce, "Haba! Hutu kawai."

Saura kwana uku Sallah suka yi sahur, suka kafa tsanin gora. Suka hau, suka hau, suka hau.

Da isarsu Kurege ya fara cika buhu. Jaki ya jira a sha ruwa, ya juya wurin Zakara.

"Malam, rana ta faɗi?"

"Da saura."

Ya kwanta, ya tashi. Rana tana nan tsaye cak.

"Malam, har yanzu?"

"Haƙuri, Baba Jaki. Ranar nan ba irin ta gida ba ce."

Karo na uku muryarsa ta dushe. "To Malam, yaushe ne Sallah?"

"Sai an ga wata."

Suka ɗaga kai. Gabas wayam, yamma wayam. Kurege ya dubi ƙafarsa, ya ce a hankali, "Malam, ai a kansa muke."

Zakara ya ce, "Ni dai ban ga jinjiri ba. Ba Sallah."

Jaki ya ce, "Mu tafi gida."

Kurege ya ce, "Madalla, dama nan ba mai saye. Ɗan durƙusa mana." Ya ɗora masa buhu uku.

Suka sauko, suka tarar an ci tuwon Sallah tuni, har an wanke tukwane. A kasuwa wata tsohuwa ta ɗanɗana kanwar, ta tofar. "Wa ya aiko ku da toka?"

Jaki ya nufi rijiya.

Shi ya sa har yau Jaki ke tafiya kai a sunkuye, ba ya ko kallon sama. Zakara kuwa lokaci ya rikice masa, ko da tsakar rana sai ka ji ya yi cara.

Ƙurunƙus kan Kurege! Ku matsa, ni ma na gaji.